Wutar da Aka Kashe da Cire Batir: Nazarin Gwajin Hayaƙin Wata Mota a Birnin Kebbi

Motar da ake magana a kanta Toyota Corolla ce ƙirar 2007, mai silinda huɗu, wadda aka fara hawa a Amurka kafin ta biyo ta Kwatano ta shigo hannun mai ita, tun gabanin gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu a farkon 2017. Mai ita tsohon ma'aikacin gwamnati ne da ya yi ritaya a Birnin Kebbi, kuma maƙwabcina ne, abin da ya ba ni damar ganin lamarin tun daga tushe. A hunturun da ya gabata wata ƙungiya mai tallafa wa manoman shinkafa ta nemi motocin haya da za su riƙa kai ma'aikatanta Argungu da Jega da Bunza, sai ya miƙa takardunsa da fatan motar ta riƙa ɗaukar nauyin kanta, ta kuma rage masa zafin jiran fansho. Sharuɗɗan ƙungiyar ba su tsaya ga inshora da takardar VIO, wato jami'an duba lafiyar motoci, ba, domin ta ƙara da cewa dole ne kowace mota ta tsallake gwajin hayaƙi a hannun wani jami'i da take ɗaukowa daga Abuja da na'urorinsa, wanda zuwa biyu kawai zai yi, da tazarar mako uku a tsakani.

Sharaɗin baƙo ne ga yawancin masu motoci a nan, waɗanda suka saba da a duba musu birki da taya da fitilu, amma ba su taɓa ganin an zura wa salansa bututun awo ba. Ga doka kuwa ba baƙo ba ne, domin hukumar NESREA mai kula da ƙa'idojin muhalli, wadda aka kafa a 2007, tana da ƙa'ida kan hayaƙin injunan fetur da dizal tun 2011, an kuma ƙaddamar da shirin ƙasa na gwajin hayaƙin motoci a farkon 2023. Iyakokin da ke kan takardar jami'in irin waɗanda ake aiki da su a Ingila ne ga motar fetur mai matatar hayaƙi, wato tukunyar nan ta jikin salansa da ke rage guba kafin hayaƙi ya fita: idan inji yana juyi 2,500 zuwa 3,000 a minti, kada gubar kabon monoksaid ta wuce kashi 0.2 cikin 100, kada ɗanyen man da bai ƙone ba ya wuce kashi 200 cikin miliyan, sannan ma'aunin lamda, wanda ke nuna ko iska da fetur sun yi daidai da juna, ya tsaya tsakanin 0.97 da 1.03.

Gyara biyu aka yi wa motar kafin ranar gwaji, kuma ba za a fahimci abin da ya biyo baya ba sai an san su. Na farko a bazarar da ta gabaci hunturun aka yi shi, lokacin da ta yi zafi a kan hanyar Jega har ta ƙone gasket, wato shimfiɗar da ke toshe tsakanin kan inji da gangar jikinsa. Bakaniken da ya daɗe yana duba ta, dattijo ne mai hannu wanda ya ƙware tun zamanin kafireta, ya sauke kan injin ya kai aka goge, ya sa sabon gasket, sannan ya yi abin da kanikawa da dama suke yi a ƙasar nan ba tare da shawara da kowa ba: ya cire tamostat, wato ɗan makullin da ke hana ruwan inji zuwa lagireto sai ya yi zafi, ya jefar, ya kuma haɗa fankar lagireto kai tsaye ta yadda da an murɗa makulli za ta kama juyi. Gyara na biyu kwana uku kafin gwaji aka yi shi. Motar ta yi kusan wata uku tana karkarwa, musamman idan an taka totur a hawa, wutar gargaɗin inji da ake kira cek tana ƙifce-ƙifce a gaban direba, shi kuwa mai ita yana ta lallaɓa ta saboda aljihu. Da maganar haya ta taso, sai ya kai ta gareji aka canja fulogi huɗu da koyil ɗaya, wato abin da ke ba fulogi wuta, karkarwa ta ɗauke nan take, amma wutar ta ƙi mutuwa. Da safiyar gwajin ya biya ta garejin ya nuna damuwarsa, dattijon ya ce masa, "Alhaji, motag ga lahiya lau take, bari in kashe maka wutar, minti biyar ya isa." Ya kwance kan batir, suka tsaya suka gaisa da maƙwabta, ya mayar ya ɗaure, aka tayar da mota, gaban direba fes babu ko ɗigon ja.

An yi gwajin a harabar ofishin ƙungiyar, motoci sun yi layi a ƙarƙashin dogon yaro. Jami'in ya fara da murɗa makulli ba tare da tayar da inji ba, don ya ga ko wutar cek za ta kama sannan ta mutu bayan an tayar, wanda shi ne yadda ake kama masu cire mata ƙwai ko liƙe ta da baƙin salatif. Daga nan ya durƙusa ya soka igiyar ƙaramar kwamfutarsa a wata kafa mai ramuka 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, irin wadda doka ta wajabta wa motocin Amurka tun ƙirar 1996. Bai ga lambar matsala ko ɗaya ba, amma ya ɗago kai ya tambayi mai motar ko an taɓa batir kwanan nan. Da ya amsa cewa da safen nan ne, sai jami'in ya juyo masa da fuskar na'urar ya nuna masa jerin layuka, galibinsu da alamar ba a kammala ba. Duk da haka ya zura bututun awo a salansa, ya sa aka riƙe totur, takarda ta fito tana nuna kabon monoksaid ya ninka iyakarsa fiye da sau uku, ɗanyen mai ya ɗan haura tasa, lamda kuwa tana cikin iyaka. Mai motar ya ce, "Yallaɓai, ai kwana uku ke nan da aka gyara ta." Jami'in ya amsa cewa bai musa ba, amma motar ba ta shaida hakan ba tukuna.

Maganarsa ita ce zuciyar lamarin, don haka ya kamata a tsaya a kanta. Ƙwaƙwalwar irin wannan mota ba jiran ɓaraka kawai take yi don ta kunna wuta ba. Tana yi wa sassan da suka shafi hayaƙi jarrabawa ɗaya bayan ɗaya yayin da ake tuƙi, tana kuma ajiye shaidar cewa ta yi. Wasu jarrabawar ba sa tsayawa muddin inji yana aiki, kamar ta tsallen wuta a silinda da ta rabon mai. Wasu kuwa, irin su ta matatar hayaƙi da ta sensar oksijin mai auna iskar da ta rage a cikin hayaƙi da ta tururin tankin mai, ba sa gudana sai sharuɗɗansu sun cika: inji ya kai wani zafi, an riƙe wani gudu na wasu mintuna, mai ya kai wani mizani a tanki. Cire batir, ko goge lambobi da kwamfuta, yana share laifin da aka rubuta tare da duk shaidar jarrabawar da aka ci, sai motar ta koma kamar ɗalibin da aka yaga masa takardar sakamako gaba ɗaya don a ɓoye darasi guda da ya faɗi. An tsara hakan ne da gangan domin a toshe wannan dabara ta ranar gwaji, kuma motocin Amurka daga ƙirar 2010 sun ƙara da wata lamba mai naci wadda cire batir ma ba ya share ta. Ƙa'idar da jami'in ya bi a nan ita ce ta Amurka, wadda ke ɗaga wa motocin 1996 zuwa 2000 ƙafa a kan jarrabawa biyu da ba a kammala ba, na 2001 zuwa sama kuwa guda ɗaya tak. Abin takaicin shi ne, in da laifin koyil ne kaɗai, wutar da kanta za ta mutu bayan tafiya uku a jere ba tare da matsalar ta sake bayyana ba.

Kwana biyu da gwajin wutar ta dawo, kuma a ganina wannan shi ne alheri na farko da ya sami mai motar, domin ya tilasta masa zuwa wurin wani matashi mai aikin wayarin da ke da kwamfutar duba mota. Lambar da ta fito P0128 ce, ma'anarta ruwan inji ba ya kai zafin da ya kamata. Matashin bai gamsu da lambar kaɗai ba, sai da suka fita da motar da sassafe cikin sanyin hunturu, yana riƙe da na'urar a cinya yana kallon zafin ruwa. A cikin gari ya haura digiri 60 da 'yan kai, da suka hau titin Kalgo iska ta fara bugun lagireto sai ya riƙa sauka, alhali tamostat na wannan inji a wajen digiri 82 yake buɗewa, kuma an gina injin ne don ya yi aiki daga nan zuwa sama kaɗan. Injin da ke aiki a sanyaye yana shan mai fiye da kima, fetur yana sulalewa ta gefen fistin ya gurɓata baƙin mai, mafi muhimmanci ga wannan lamari kuma, ƙwaƙwalwar motar ba za ta fara jarrabawar matatar hayaƙi ba sam. Ko da mai motar ya yi wata guda yana zirga-zirga tsakanin Birnin Kebbi da Yauri, layin nan zai ci gaba da nuna ba a kammala ba.

Ban ga adalci a mayar da dattijon bakaniken jahili ba. Ya ga injuna da yawa da tamostat ya maƙale a rufe ya kashe su, ya san zafin Afrilu a Kebbi yakan haura digiri 40, ya kuma san abokan cinikinsa ruwan rijiya ko na famfo suke ɗura wa lagireto, ba ruwan sanyaya inji mai maganin tsatsa ba. A irin wannan hali cire tamostat kariya ce mai arha. Kuskurensa shi ne ya kashe maciji bai sare kansa ba, domin da aka sauke lagireton an tarar da kusan rabin bututunsa a toshe da tsatsa da farar ƙasa, murfinsa kuma ya saki, kuma waɗannan ne suka ƙone gasket tun farko. Aka wanke shi, aka sa sabon murfi da tamostat, aka mayar da fanka ƙarƙashin umarnin ƙwaƙwalwar mota, aka zuba ruwan da ya dace. Aka juye baƙin mai, wanda warin fetur ke tashi daga cikinsa, aka kuma canja matatar iska da ƙurar hunturu ta mayar kamar tabarmar da ta kwana a waje.

Kwana uku bayan wannan aiki wutar ta sake kamawa, mai motar ya koma wurin matashin a fusace, yana ganin an yi masa gyaran gangar Auzinawa. Lambar wannan karon P0420 ce, wadda ke cewa aikin matatar hayaƙi ya faɗi ƙasa da mizani. Matashin ya ce masa, "Baba, ba sabon ciwo ba ne, yanzu ne motar ta yi ɗumin da za ta iya faɗa." Ya tuna masa da takardar gwajin farko, wadda ya karanta tun ranar da aka kawo masa motar: idan lamda tana daidai amma gubar da ɗanyen mai sun yi yawa, to injin yana haɗa iska da fetur yadda ya kamata, kusan kashi 14.7 na iska ga kashi ɗaya na fetur, mai share abin da ya rage ne, wato matatar, ba ya aiki. Ya ƙi faɗa masa ya sayi matata tun a lokacin ne domin ita ce mafi tsada a jerin, kuma bai so a kashe kuɗin a kan zato ba, ko a ɗaura sabuwa a bayan injin da bai gama warkewa ba.

A nan aka sami masu ba da shawara iri-iri. Wani ya ce sensar oksijin da ke bayan matatar ce ta lalace, a canja ta, wanda kuskure ne da ake yawan yi saboda ita ce ke kai rahoton. Matashin ya nuna a fuskar na'urarsa cewa sensar tana kai da komo da sauri tsakanin kusan 0.1 da 0.9 na bolt, alhali a bayan matata mai lafiya nutsuwa take yi a wuri guda, wato dai gaskiya take faɗa. Wani kuma ya kawo shawarar a ɗaura wani ɗan ƙarfe da ke janye sensar daga tsakiyar hayaƙi don a yaudari ƙwaƙwalwar. Wannan yana iya kashe wuta, amma ba ya rage ko ƙwayar guba daga abin da ke fita ta salansa, kuma bututun jami'in a can yake jira.

Da aka kwance matatar a wurin mai walda, mai motar ya riga ya yanke hukunci a ransa cewa an sace masa abin da ke cikinta, domin ya sha jin labarin yadda ake farke ta a kwashe abin nan da kanikawa ke kira indomi saboda kamarsa da dunƙulen taliya, a sayar saboda 'yan ƙarafa masu daraja da aka shafa masa, wato filatinam da faladiyam da rodiyam. Mai waldar ya girgiza ta, aka ji ƙara kamar tsakuwa a gwangwani, ya karkata ta a kan wani tsohon kwali, gutsattsarin farar ƙasa mai ramuka kamar saƙar zuma suka zubo. Ya haska tocila ta baki ɗaya, sai ga tsakiyar ta narke ta dunƙule kamar alewar da ta ƙone a tukunya, gefe guda kuma ya fashe ya buɗe wa hayaƙi hanya. Babu alamar yanka ko tsohuwar walda a jikinta, don haka ba ɓarawo ba ne. Wata ukun nan na karkarwa ne suka cinye ta: duk bugun da silinda ta tsallake, ɗanyen fetur ne yake wucewa ya je ya kama da wuta a cikin matatar, wadda aka yi ta don ta yi aiki a zafin digiri 400 zuwa 800, ba don a hura wuta a cikinta ba. Ƙifce-ƙifcen da wutar cek take yi a lokacin, maimakon ta tsaya cak, shi ne gargaɗin musamman da aka tanada don wannan ɓarna.

An nemo wata ta Beljiyam daga kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, bayan an sa mai sayarwa ya haska cikinta ya turo hoto ta WhatsApp kafin a tura kuɗi. Aka ɗaura, amma matashin ya ji wani ɗan tsaki a ƙarƙashin motar idan tana silo, wato inji yana aiki tana tsaye. Ya sa yaronsa ya danne bakin salansa da tsumma, shi kuma ya shafa ruwan sabulu a kan waldar, sai ga kumfa tana tasowa daga wani rami da bai fi kan allura ba. Rami irin wannan ba fitar da hayaƙi kawai yake yi ba, yana zuƙo iska tsakanin bugu da bugu, ƙarin oksijin ɗin kuma yana iya rikita sensar baya, ya tura lamda ta haye 1.03, a kayar da mota mai lafiya. Ɗigon walda ɗaya ya toshe shi.

Saura kwana shida jami'in ya dawo aka goge lambobi a karo na ƙarshe, aka kuma yi wa mai motar kashedi cewa ko rediyo ne ya lalace kada wanda ya kusanci batir. Abin da ya rage shi ne tuƙi, amma tuƙi mai tsari. Yakan tayar da ita bayan sallar asuba tana sanyi ƙalau, ya bar ta ta yi silo na 'yan mintuna, ya bi ta cikin gari da tsayawa da tashi har allurar zafi ta kai tsakiya, sannan ya hau titin Jega ya riƙe gudu tsakanin kilomita 65 da 100 a awa na fiye da minti goma ba tare da wasa da totur ba, wanda sai an wuce cunkoson Kalgo yake samuwa. A kan hanyar dawowa yakan ɗage ƙafa gaba ɗaya ya bar motar ta rage gudu da kanta, domin wani ɓangare na jarrabawar sensa a lokacin da aka yanke mai yake gudana. A rana ta biyu layin sensa ya cika, a ta uku na matata ya bi baya, wuta kuma ba ta kama ba. Wanda ya ƙi cika shi ne na tururin tanki, wanda ke son mai ya kasance tsakanin rubu'i da kashi uku cikin huɗu, shi kuwa mai motar tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023 allurar mansa ba ta cika ɗagawa daga ƙasa ba. Ya daure ya sayi rabin tanki a gidan mai, ba wurin 'yan bumburutu ba, aka kuma canja murfin tankin da robarsa ta tsattsage, amma har ranar gwaji layin bai cika ba.

Ranar ya iso harabar bayan ya yi tafiyar rabin awa, bai kuma kashe inji a layi ba, domin matatar da ta huce ƙasa da kimanin digiri 300 ba ta aikin kirki ko da sabuwa ce. Jami'in ya ga jarrabawa ɗaya ce ta rage, ƙa'ida kuma ta yarda da hakan ga ƙirar 2007. Bututu ya shiga salansa, kabon monoksaid ya tsaya ƙasa da iyaka da tazara mai kyau, ɗanyen mai ya faɗi ƙasa da rabin tasa, lamda ta zauna a tsakiya. Ya sa hannu, ya rubuta a gefen takardar cewa za a sake gwaji bayan wata shida, kuma yana son ya tarar da layin tankin a cike.

Da aka yi lissafi, kuɗin matatar kaɗai ya fi na koyil da fulogi da tamostat da wankin lagireto a haɗe, kuma hayar watan farko kusan duk a nan ta tafi. Motar tana aiki yanzu tsakanin Birnin Kebbi da Argungu, mai ita ya ce shan man motar ya ragu, ko da yake bai auna ba balle a rubuta. Dattijon bakaniken har yau bai sauka daga ra'ayinsa ba cewa tamostat kayan ƙasar sanyi ne. Ya ce shi ba zai taɓa wanda aka sa ba tunda Alhaji ya biya kuɗinsa, amma a kira shi a watan Afrilu idan allura ta tashi a kan hanyar Jega, kuma mai motar bai goge lambarsa daga waya ba.